Wake a Cikin Labo

Taubashina ya cuce ni. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, malamin shimi, wato ilimin haɗa sinadarai, a wata lise, wato babbar sakandare, ta kuɗi da ke bakin garin Dogon Dutsi, kuma makullin labo a hannunsa yake. Shekara uku ɗiyata tana zaune a ajinsa, shekara uku yana ba ta maki mai kyau a kan aikin hannu, alhali bai taɓa buɗe mata ɗakin gwajin ba, bai taɓa sa mata kwalba ɗaya a hannu ba. Ɗakin cike yake da buhunan wake. Ni na gina ɗakin. Abin da ya yi mini ke nan, sauran duk bayani ne.

Ni magini ne. Tare muka shiga lakwal da shi, benci ɗaya, sau da yawa alƙalami ɗaya. A aji na uku na koleji aka kore ni saboda lissafi, na koma ƙauyenmu Kyeshe na ɗauki hauya, daga baya na ɗauki cokalin gini. Shi ya wuce Doso, ya wuce Yamai, ya dawo da jaka da tabarau. Ba zan ce ban ji haushi ba, na ji. Amma wasan taubasai yana cinye irin wannan haushi. In mun haɗu sai ya ce, “Injiniyan laka, wace katanga ka karkatar yau?” Ni kuma in ce, “Bokan Nasara, har yanzu ba ka ƙone garin ba?” A yi dariya a wuce. Haka muke har gashinmu ya fara fari.

Wata shekara wata ƙungiya daga ƙasar waje ta ce za ta ba makarantarsu kayan labo, amma sai an gina ɗakin da za a sa su. Mai makarantar ɗan kasuwa ne, ba ya zama, sai ya bar aikin a hannun taubashina, shi kuma ya kira ni. Ban taɓa yin aikin da na sa raina a ciki kamar wannan ba. Na ɗaga daɓen sama saboda laima da gara. Na zuba teburan siminti dogaye, na lulluɓe su da farin karo, wato tayil, na bi kowane layi da zare. Na sa kwamin wanke kwalabe a ƙarshen kowane tebur, na ja bututun ruwa. Tagogi ƙanana, can sama, masu murfin ƙarfe. Ƙofa ta ƙarfe mai kama bango tsam. Yana tsaye a kaina yana cewa kada in bar kafa ko ta tururuwa, iska kada ta shiga, iska kada ta fita. Na ɗauka don sinadarai ne. Har yau ban sani ba ko tun lokacin wake na ransa, ko kuwa daga baya ne ya dubi ɗakin ya ga rumbu.

Ranar buɗewa aka zo da kwalaye, aka farke guda, aka zaro wani dogon bututun gilashi daga cikin ciyawa aka ɗaga shi sama, aka ɗauki hoto, aka tafa. Ina can baya da siminti a farcena ina tafawa fiye da kowa.

Ɗiyata ita ce babba. Ta shiga lakwal a makare domin muna ƙauye lokacin, kuma ciwo ya cinye mata shekara guda a koleji. Amma kanta na ja. Tun ranar da ta raka uwarta asibiti ta ga wata mata da farar riga tana awon jini, ta dawo ta ce aikin da za ta yi ke nan. Ba ta canza magana ba kuma ba ta sake ra’ayi ba. Da ta ci birbe, jarrabawar gama koleji, tana da wuri a lise ta gwamnati, kyauta. Ni na ce a’a. Na ce ga makaranta mai labo, labon da ubanki ya gina, ga kawunki shi ne malamin. Na cire ta daga inda ba a biya na kai ta inda ake biya, na ƙara yawan katangun da nake hawa a wata. Bayana bai yafe mini ba har yanzu.

Duk ƙarshen zango takan kawo mini sakamakonta. Akwai gurbi guda da aka rubuta te-pe, shi ne aikin hannu na labo. Sha bakwai bisa ashirin. Sha takwas bisa ashirin. Nakan naɗe takardar in sa aljihu in tafi fada wurin shan shayi, in zaro ta kamar ban yi niyya ba. Abokaina har sun gaji. Wani mai gyaran babur yakan ce, “To mun ji, Allah Ya sa ta yi muna awon jini kyauta.” Wata rana a wurin suna na tambayi taubashina, “Ya ɗiyar taka a labo?”

Ya ce, “Ta hi ubanta. Amma wannan ba abin yabo ba ne, jakin gidanmu ma ya hi shi.”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ban tambayi ɗiyata komai ba. Mutumin da lakwal ta kora yana tsoron takardar lakwal, abin da ta ce ya zauna. Wa zai ga sha takwas ya tsaya tambaya?

Ta ci bak, jarrabawar gama lise. Sai jarrabawar shiga makarantar masu aikin awon jini a Yamai, wadda in ka ci ake ɗaukar nauyin karatunka. Tana da iyakar shekaru, kuma ɗiyata tana bakin iyakar. Wannan karon ne kawai, babu na biyu. Kashi biyu ce jarrabawar, ta rubutu da ta hannu. Ta rubutu ta wuce ta cikin na gaba-gaba. Da aka kira su ta hannu ni na raka ta, muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da katako. A mota ina ce mata, “Wannan ai taki ce, nan ne ma kika fi ƙarfi.” Ta juya tana kallon taga. Na ɗauka addu’a take yi.

Na zauna ƙarƙashin bishiya a ƙofar makarantar tare da wasu iyaye. Da ta fito hannun hijabinta jiƙe yake har gwiwar hannu, da wani tabo ja-ja. Na ce, “Ya?” Ta ce, “Mu tahi, Baba.” Ba ta ci abinci ba. Sai washegari a mota, bayan mun wuce Doso, ta buɗe baki.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ta faɗa mini. Kowane ɗalibi da teburinsa. A kan teburin an kafa dogon bututun gilashin nan mai zane-zanen awo, biret ake ce masa, yana da ɗan famfo a gindi. Za ka cika shi da wani ruwa, ka sa kwalba a ƙarƙashi da wani ruwan, ka riƙa sakin na sama ɗigo-ɗigo kana kaɗa kwalbar, har launi ya juya kaɗan, sai ka rufe nan take ka karanta inda ruwan ya tsaya. Wata malama tana tsaye a gefenka da takarda, ba ta magana, hannunka kawai take kallo: yadda ka ɗauraye, yadda ka riƙe, yadda ka sunkuya ka daidaita idonka da layin, yadda ka tsaya. Kowanne da makinsa.

Ɗiyata ta san duk wannan da ka. Ta iya jera shi tun daga farko har ƙarshe ba gargada. Ta ɗauki ruwan ta zuba daga sama, ashe famfon a buɗe yake. Ruwa ya bi tebur, ya bi hannunta, ya sauka ƙasa. Ta ce, “Baba, a allo ɗan gicciye na ake zanawa wurin ga. Ban san ana iske shi buɗe ba.” Malamar ta ba ta tsumma, ta ce ta sake. Ta sake cikawa. Da ta zo sakin ɗigo, famfon ya yi tauri, ta ji tsoron kada gilashin ya karye, ta matsa a hankali bai motsa ba, ta ƙara ƙarfi sai ya juya gaba ɗaya. Kafin ta gane ta ina ake rufewa, ruwan kwalbar da ya kamata ya ɗan yi ja kaɗan ya koma kamar zoɓo. Ta karanta lambar hakanan, ta yi lissafinta daidai a kan lambar banza.

Da lokaci ya cika malamar ta buɗe takardunta na lise ta duba, ta dube ta. Ta ce, “Ɗiyata, kin taɓa riƙe wannan abin kuwa?” Ta ce a’a. Malamar ta ce, “To sha takwas ɗin nan wa ya ba ki?” Wata yarinya a tebur na gaba ta toshe baki tana dariya.

Ɗiyata ta ce mini, “Baba, ca take sayen shi munka yi.”

Na ce, “Tsaya. Ba ku taɓa shiga labo ba?”

“Ko sau guda.”

“Ɗakin da nag gina?”

“Ko ta taga ba a hangen ciki, Baba. Kai kas sa su can bisa.”

Na ce to te-pe ɗin fa, mene ne? Ta ce ranar te-pe kawu yakan zo da alli mai launi ya zana kayan a allo, ya riƙa faɗa suna rubutawa: muna zubawa, muna kaɗawa, muna ganin launi ya juya. Su zana da rula da alƙalami ja da shuɗi, ya karɓa ya ba da maki. Wanda zanensa ya fi tsabta shi ya fi maki. Ya ce musu labo akwai sinadarai masu haɗari a ciki, sai an kawo abin rufe hanci tukuna. Kuma sun yarda, domin in ka bi ta ƙofar wani wari kamar na tafarnuwa yana fitowa ta ƙasa, har kai ya yi ciwo. Su a zatonsu warin shimi ke nan. Ita kuma ba ta faɗa mini ba domin ta ɗauka ko’ina haka ake yi, kuma ta ga yadda nake sa takardar a aljihu.

Sakamako ya fito, babu sunanta. Akwai makarantun awo na kuɗi a Yamai, na tambaya, na ji abin da ake biya, na ajiye waya. Ko bayana na da sauran ƙarfi ban kai can ba, balle yanzu da rabin wata nake yi a kwance. Tana gida. Ita da uwarta suna ƙulla zoɓo da ƙanƙara a leda, ƙannenta suna kaiwa tasha. Ba ta kuka, ba ta faɗa da kowa. Da ma ta yi faɗan.

Na je gidan taubashina sau da yawa a cikin hutun nan, kullum a ce yana ƙauye. Ban san abin da yake yi a ƙauye ba lokacin. Sai da kaka ta yi, aka koma lakwal, ya aiko mini da saƙo kamar ba abin da ya faru: Injiniya, ka zo ka duba ƙofar labo, ba ta kama bango.

Na ɗauki jakar kayan aikina na tafi da hantsi. Tun daga nesa na ga amalanken jakai a bayan makaranta, an jera su, wasu daga wajen Sukukutane, wasu daga wajen Tibiri. Ƙofar labo a buɗe, ƙarti suna shiga da buhu a ka suna fitowa ba komai. A ajin da ke kusa ina jin muryoyin sababbin ɗalibai suna maimaita wani abu da faransanci.

Na shiga. Teburana suna nan, amma ba ka ganin karo, buhuna ne a kai har kusa da rufi. Inda ya bayyana duk ya farfashe a gefe saboda jifan buhu. Kwamin wanke kwalabe an cusa masa tsofaffin buhuna da igiyoyi. Kwalayen kayan labo an ture su ƙarƙashin tebur na ƙarshe, guda ɗaya ne a farke, wanda aka buɗe ranar hoto. A kan taga ga gwangwanin ƙwayar nan da ƴan wake ke kira bom, wadda ake sa wa a tsakanin buhuna a rufe ɗaki ruf don ta kashe ƙwari. Ita ce mai warin tafarnuwa.

A nan tsaye na gane lissafin, ni da aka kora saboda lissafi. Lakwal tana buɗewa da kaka, lokacin da wake yake arha. Tana rufewa da faɗuwar damina, lokacin da wake ya yi tsada. Watannin da ɗalibai suke makaranta su ne watannin da wake yake son ɗaki. Labo ba ya zama fanko sai lokacin da babu ɗalibi ko ɗaya a makarantar. Babu ɗaki a unguwar nan da ya kai shi: ba laima, ba gara, ba ɓera, ba kafa ko ta tururuwa. Na iya aikina.

Taubashina yana tsaye a tsakiya da wasu samari biyu ƴan kasuwa, abokan cinikinsa, masu gemu da ɗagaggen wando, irin waɗanda suke zama sahun gaba a wurin wa’azi. Shi ma can yake zama yanzu. Ya gan ni ya washe baki.

“A’a, Injiniyan laka! Ka gani, aikinka na. Ƙohwar ga ta saki, bara ƙwari sun shigan min ta ƙasa.”

Ban amsa wasan ba. Ya lura. Ya ce wa samarin su ba mu wuri, suka ɗan ja baya, ba su fita ba.

Ya rage murya. “Na ji abin da ya samu ɗiyarmu. Wallahi na ji zahi. Bon, jarrabawa sa’a ta.”

Na ce, “Ba ta taɓa riƙe biret ba.”

“Wa ya riƙe? Tambayi duk ƙasar ga, lise nawa ad da labo mai aiki? A bak ba a tambayar hannu, rubutu akai, kuma ɗalibaina suna ci. Ita ma ta ci. Ni na san za su ɓullo da wanga abu a Yamai?”

“Kana da labo.”

“Ina da ɗaki. Ruwa ba ya zuwa bututun ga tun shekarar fari. Sinadaran da anka kawo sun lalace. Yara cike da aji, in sa su nan su hwasa gilashi, wa za ya biya? Mai makaranta albashi ma sai ya ga dama. Rabin waken ga nashi na, in ba ka sani ba. Ina da iyali kamar kai.”

Na juya ina kallon buhunan. Ya ɗauka na sauko, sai ya matso.

“In hwaɗa maka gaskiya, ɗan’uwa? Ni kaina a jami’a, ana yi muna kallo daga baya, mu da yawa a kan tebur guda. Ban san ko hannuna za ya yi abin da nata bai yi ba. Donk mi kake so in yi? Gurbin te-pe sai an cika shi, ba a barin shi hwanko. In ba ta sihiri bisa ashirin? Ɗiyata? Na ba ta abin da za ya taimake ta.”

Sannan ya ce ta zo ta riƙa kula da ƴan ƙananan aji, zai yi wa mai makaranta magana. Ya kuma juya ya ce wa ɗaya daga cikin ƙartin ya ware buhu guda mai kyau a kai gidana.

Bari in faɗa tun yanzu don kada wani ya sa rai: babu abin da ya canza. Na kai maganar wurin ƙungiyar iyaye, suka ce makarantar tana cin bak, kada in ɓata musu. Dangi suka ce in dubi girman gwaggo, mahaifiyarsa, tsohuwa ce. Wani magini ya gyara ƙofar a satin nan. Wake yana shiga da kaka yana fita da damina har yau, yara suna zana kwalabe da rula suna kai wa iyayensu sha takwas. Ni dai abin da na samu shi ne maganar da na yi a ranar, ita kaɗai na mallaka a cikin wannan al’amari, shi ya sa na rubuta ta.

Na ce wa ƙaton ya ajiye buhun. Na rataya jakata. Na ɗaga murya yadda samarin za su ji, na ce masa:

“Ban zo in tuhume ka kan ruwa ba, ko kan albashi, ko kan wake. Ka ci wakenka. Maki nike tambaya. Ni da lakwal ta kore ni, gaskiya anka hwaɗa min: ba ka iya ba. Na ji zahi, na tahi na koyi abin da nag iya, da shi nag gina ɗakin ga da kake tsaye ciki. Ita kac ce mata ta iya. Ni ma kac ce min ta iya, gaban mutane, kana dariya. Da sihiri kab ba ta, da na tambaya tun shekarar fari, da na ɗauke ta na kai ta duk inda za a bari ta taɓa gilashi ko da sharar wurin za ta yi. Shekara uku gare ni, kac cinye min su da jan alƙalami. Kana zama sahun gaba ana wa’azin masu tauye tiya wurin awo kana gyaɗa kai. Buhu guda ba ka saye sai ka soka hannu ka ga ƙwayar, amma ɗiyata kas sa mata maki ba ka taɓa kallon hannunta ba. Daga yau babu wasa tsakanina da kai, kada ka ƙara ce min Injiniya. In gwaggo ta rasu ina zuwa, don ita. Ƙohwar ga kuwa ba ni gyara ta. Bar ƙwari su shiga. Ko ba komi a ce wani mai rai ya taɓa shiga labon ga ya yi aiki.”